Kati yana aiki, magani kuma "sai a waje": inda inshorar lafiya ke tsinkewa a Kumasi

Duk wanda ya taɓa raka mai hawan jini ko mai ciwon suga asibiti a Kumasi ya san wurin da ranar take ɓaci. An baro Aboabo ko Sawaba tun bayan sallar asuba, an hau pragya, wato babur mai ƙafa uku, an bi layin kati, an auna jini, an samu ganin likita wajen sha ɗaya na safe. Duk wannan ya wuce a kan katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasar Ghana. Sai a iso tagar magani. Mai ba da magani ya duba kwamfuta, ya ƙirga ƙwayoyi iri biyu ya zuba a 'yar ambulan, sannan ya yagi gefen takarda ya rubuta sunan na uku, ya miƙo ya ce, "Mma, wannan babu, sai a waje." Hajiya ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zane, ta yi godiya, ta fito.

Wannan 'yar takardar da ba ta kai tafin hannu ba, a kanta inshorar mutane da yawa ke ƙarewa. Babu lambar kati a jikinta, babu hatimin asibiti, babu sa hannun likita. Duk famasin da aka kai wa ita, ko da yana karɓar NHIS, ba shi da abin da zai nuna wa hukumar inshora ya ce a biya shi, don haka kuɗi zai nema. Abin da nake so mutanenmu na Zongo su riƙe shi ne, mafi yawan asarar da ake yi wajen magani ana yin ta ne tun kafin a fita ƙofar asibiti, kuma ana yin ta ne saboda an bar mara lafiya, wanda ya fi kowa rauni a cikin tsarin, shi zai ɗauki nauyin giɓin da ke tsakanin hukuma da asibiti da 'yan kasuwar magani.

Ya kamata a fara cire kunyar da ke hana mutane magana. Maganin NHIS ba sadaka ba ce. An kafa tsarin ne da Doka ta 650 a shekarar 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, don a raba mutane da tsarin nan na biya kafin a taɓa ka, sannan aka sake fasalinsa da Doka ta 852 a 2012. Kuɗinsa yana fitowa daga harajin kashi 2.5 da aka ɗora a kan kayayyaki da ayyuka, da kuma kashi 2.5 daga abin da ake ajiye wa ma'aikata a SSNIT, asusun fansho na ƙasa, sai ɗan abin da masu sana'ar kansu ke biya duk shekara. Mai sayar da waakye a Alabar da ta sayi katin waya ko kayan shago ta riga ta zuba nata. Idan ta tsaya a tagar magani tana tambaya, hakkinta take bi.

Kati shi ne mataki na farko, kuma a nan ba zan daɗe ba domin gyaransa yana hannun mutum. Rajistar tana mutuwa duk shekara ko da katin roban yana nan sabo fil. Tun ƙarshen 2018 ana iya dubawa da sabuntawa ta waya: a danna *929#, a sa lambar kati, a ga ranar ƙarewa, a biya ta Momo, wato asusun kuɗi na waya. Ta nan ne kuma ake haɗa shi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na waɗanda aka yafe wa kuɗin shekara, wato yara 'yan ƙasa da 18, tsofaffi daga 70 zuwa sama, da masu biyan SSNIT. Suna ɗauka tunda an yafe, ba sai an sabunta ba. Dole ne a sabunta. Wanda kuma ya bar katinsa ya mutu fiye da wata uku, ko ya biya yau, sai ya jira wata guda kafin ya fara aiki, in ban da wasu rukunoni kamar mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mai ciwon da ke shan magani kullum, wata guda ɗin nan daga aljihunsa zai fita. A duba kati daren da za a je asibiti, a kuma duba shi farkon kowane wata.

A teburin kati, idan aka tantance mutum, kwamfuta tana fitar da lambar ziyarar wannan ranar, wadda ma'aikata ke kira CCC. Ita ce shaidar cewa mai katin ya zo da kansa kuma katinsa yana raye. Duk wani abu da za a nemi hukuma ta biya, har da magani, a kan wannan lambar ake rataye shi. Ranar da aka ce sabis ya ɗauke, ba a samu an fitar da ita ba, kada a yi shiru a wuce. A tambaya yadda za a yi a samu lambar idan sabis ya dawo, a kuma tabbata an rubuta ta a inda ya dace kafin a bar wurin.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Kalmar "babu" a tagar magani ba ma'ana ɗaya take da ita ba, kuma kowace ma'ana da nata magani. Wanda bai tambaya ba, duk ɗaya zai ɗauke su, ya je ya biya.

Akwai "babu" ta cewa maganin ba ya cikin jerin NHIS. Hukumar tana da jerin magunguna sama da ɗari biyar da ta yarda za ta biya, kowane da ƙarfinsa da siffarsa da farashin da ta yanke masa. An rubuta su da sunansu na asali, ba da sunan da kamfani ya laƙaba musu ba. Amlodipine yana ciki, metformin yana ciki, haka lisinopril da glibenclamide da insulin da amoxicillin da maganin zazzabin cizon sauro. Idan likita ya rubuta sunan kamfani, kamar Norvasc a maimakon amlodipine, ko Augmentin a maimakon amoxicillin da clavulanic acid, to ya buɗe ƙofar da za a ce wannan ba na inshora ba ne. Gyaran wannan yana ɗakin likita, ba a taga ba. Kafin a tashi daga kujera a ce, "Dokta, don Allah waɗannan duk suna cikin NHIS? In akwai wanda ba ya ciki, akwai madadinsa da ke ciki?" Sau da yawa akwai. Wani lokaci kuma babu, domin ciwon ya kai inda sai sabon magani mai tsada, kuma likita mai gaskiya zai faɗi haka. Sanin haka tun a ɗaki ya fi a ji shi a taga bayan an yi awa biyu a layi.

Akwai "babu" ta mataki, wadda mutane kaɗan ne suka san da ita. A Ghana an raba magunguna gwargwadon wurin da aka yarda a rubuta su. Mataki na A na ƙananan wuraren kiwon lafiya na cikin al'umma ne da ake kira CHPS, M na ungozoma, B1 cibiyar lafiya da ba ta da likita, B2 mai likita, C asibitin gunduma, D kuma asibitin yanki da na koyarwa, sannan akwai waɗanda sai ƙwararren likita. Idan ƙaramin asibiti ya ba da maganin da ya fi matakinsa, hukuma tana iya ƙin biya lokacin tantance takardu. Wannan ne ke kama mutumin da aka fara ɗora shi kan magani a babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, sannan ya ce bari ya riƙa karɓa a ƙaramin asibitin unguwa don gudun layi. Za a ce masa babu, ko a ce ya biya, alhali maganin yana cikin jeri. Irin wannan mara lafiyar ya tambayi likitansa na babban asibiti tun farko: wane matakin asibiti ne zai iya ci gaba da ba ni wannan? Haka kuma ta ɗaya ɓangaren, wanda ya tsallake asibitin gunduma irin na Manhyia ko Tafo ko Suntreso ya nufi babban asibiti kai tsaye ba tare da takardar turawa ba, ba kuma larurar gaggawa ba, kada ya yi mamaki idan katin ya ƙi ɗaukarsa. Takardar turawa a ajiye ta kamar takardar fili, a ɗauki hotonta a waya.

Sai "babu" ta uku, wadda ita ce ta fi yawa kuma ta fi ciwo: maganin yana cikin jeri, matakin asibitin ya kai, amma ba ya kan kanta. A nan ne 'yar takardar nan take fitowa, kuma a nan ne ya kamata a tsaya. Tsari ya tanadi cewa idan asibiti ba shi da maganin da ke cikin jeri, a rubuta wa mara lafiya cikakkiyar takardar magani ta NHIS, ya kai famasin da hukuma ta yi wa rajista, a ba shi ba tare da ya biya ba. Takardar da za ta yi aiki sai an ga sunan mara lafiya daidai da na katinsa, lambar katin, lambar ziyarar ranar, kwanan wata, sunan magani na asali da ƙarfinsa da yadda za a sha da tsawon kwanaki, sunan likita da sa hannunsa, da hatimin asibiti. Ɗaya ya ɓace, famasi yana da hujjar mayar da mutum. Abin takaici, komawar nan ba ƙarama ba ce: likitan ya tashi, mai hatimi ya rufe ofis, gobe kuma wani layin ne. Don haka a tsaya a gefen taga a karanta takardar, ko a ba wani yaro mai karatu ya duba, tun ana cikin harabar asibiti.

Suna kansa yana jawo mana matsala fiye da sauran jama'a. Mutum ɗaya ne, a katin NHIS Mohammed, a Ghana Card Muhammad, a foldar asibiti Mahamadu. Ko mace an yi mata kati da sunan mahaifi, folda kuma da sunan miji. Ga mu dai mun san mutum ɗaya ne, amma mai tantance takardu a ofis bai san shi ba. Wanda sunansa ko ranar haihuwarsa suka saɓa, ya je ofishin NHIS na gundumarsa a gyara tun yana da lafiyar zuwa.

Da takarda a hannu, ina za a nufa? Mu a bakinmu duk shagon magani kemis ne, amma a doka iri biyu ne. Akwai famasi, mai famasis da Majalisar Harhaɗa Magunguna ta ba lasisi, shi ne aka yarda ya ba da maganin da sai da takardar likita. Akwai kuma ƙaramin kemis na lungu, wanda lasisinsa na magungunan yau da kullum ne kawai, irin su parasitamol da ruwan gishiri da suga. Maganin hawan jini da na suga da insulin da masu kashe ƙwayoyin cuta ba hurumin ƙaramin kemis ba ne, ko da ka gan su a kantarsa. Sannan a cikin famasin ma, ba kowane ne ke da rajista da NHIS ba, kuma cikin masu rajistar akwai waɗanda suka daina karɓar kati a aikace ko da alamar tana nan manne a ƙofa. Kafin a biya kuɗin motar haya ta trotro zuwa Adum ko Bantama, a tambayi mai ba da magani na asibitin wane famasi ne yake karɓar takardunsu a wannan watan. Sun sani, domin marasa lafiya suna dawo musu da labari.

Mutum ya iya karanta takardarsa ko da bai yi boko mai zurfi ba, domin alamomin kaɗan ne. "Daily" ko "od" sau ɗaya a rana, "bd" sau biyu, "tds" sau uku, "qds" sau huɗu, "nocte" da dare, "mane" da safe. Tsawon lokaci kuma da lissafi ake rubuta shi: 5/7 kwana biyar, 2/52 mako biyu, 1/12 wata ɗaya, 3/12 wata uku. Da wannan kowa zai iya ƙirga abin da ya kamata a ba shi. Metformin mai miligiram 500, bd, 1/12, ƙwaya 60 ke nan. Amlodipine mai miligiram 10, sau ɗaya a rana, wata guda, ƙwaya 30. Maganin zazzabin cizon sauro na artemether da lumefantrine mai 20/120, babban mutum ƙwaya huɗu yake sha safe da yamma har kwana uku, jimla 24, idan kuma mai 80/480 ne, ƙwaya shida ne kacal. A buɗe ambulan a ƙirga a gaban taga. Ba rashin yarda ba ne, ma'aikacin da ya sallami mutum ɗari tun safe yana iya kuskure.

Lissafin nan ya fi muhimmanci ga masu ciwon da ba ya warkewa. Abin da ya zama ruwan dare shi ne likita ya ce a dawo bayan wata uku, a taga kuma a ba da na wata ɗaya, ko na mako biyu, a ce sauran a zo a karɓa. Idan ba a rubuta abin da aka bayar da abin da ya rage a jikin takarda ko a kwamfuta ba, ranar da aka dawo za a ce ai an sallame ka. Daga nan sai dattijo ya fara dabarar da ke kashe mutane a hankali: ya riƙa shan maganin hawan jini kwana ɗaya ya tsallake ɗaya, ko sai ranar da ya ji kansa yana sarawa. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda da muke gani a gidajenmu, wasu daga cikinsu daga irin wannan tsallaken suka samo asali. Duk wanda aka ba rabin magani ya ce, "Yallaɓai, a rubuta mini nawa aka ba ni, nawa ya rage, da ranar da zan dawo." Kuma a koma saura mako guda maganin ya ƙare, kada a bari sai an ga ƙasan ambulan.

Musanya ma tana da ƙa'ida. Idan babu amlodipine mai 10 aka ba da mai 5 aka ce a sha biyu, daidai ne, muddin an rubuta haka ɓaro-ɓaro a jikin ambulan. Canjin kamfani ma ba komai ba ne idan sunan asali da ƙarfi ɗaya ne kuma maganin yana da rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ko da launin ƙwayar ya bambanta. Amma akwai inda ba a wasa. Nifedipine mai sakin kansa a hankali, wanda ake rubuta wa "retard" ko SR, ba a maye gurbinsa da na gama-gari, ba a kuma fasa shi ko a daka shi. Insulin mai kama da ruwa garau daban yake da mai gauraye irin na 30/70 mai kama da madara, kuma ba a ba da wannan a madadin wancan sai da izinin likita. Kwalba ɗaya mai mililita 10 tana ɗauke da yunit 1,000. Wanda ke yin 20 da safe, 10 da yamma, za ta kai shi wajen kwana 33, amma kwalbar da aka buɗe ba a so ta wuce kimanin mako huɗu a wajen firiji. A garin da wuta ke ɗaukewa, wannan abin lura ne, kuma kada a bar ta a aljihun mota ko a saman firiza ta daskare.

To me ya sa kanta take zama wayam? A nan nake ganin ya kamata fushinmu ya san inda zai dosa. Ma'aikacin da ke taga ba shi ya yanke farashi ba. Hukumar NHIA, wadda ke tafiyar da NHIS, tana biyan kowane magani a kan farashin da ta sa a jerinta, kuma ba kullum ake sabunta shi ba, alhali mafi yawan magungunan da ake sha a Ghana daga waje ake shigo da su, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadaransu da dala ake saye. A 2022 sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a watan Disamba, har ƙungiyoyin masu shigo da magani da masu haɗa shi suka ce sun daina ba asibitoci bashi. A ɗauka, don misali kawai, asibiti ya sayi ƙwaya a kan sidi ɗaya, hukuma kuma pesewa saba'in za ta biya, bayan watanni. Duk ƙwayar da ya bayar asara ce. Shugaban asibiti mai lissafi hanya biyu yake gani: ya daina ajiye maganin, ko ya ce mara lafiya ya cika. Ta farko ita ce "babu", ta biyu ita ce "top-up" da kowa ya sani.

Jinkirin biya kuwa tsohon ciwo ne. A 2017 gwamnati da kanta ta ce bashin da asibitoci ke bin tsarin ya kai sidi biliyan 1.2. A wannan shekarar ce kuma aka yi dokar da ta sa iyaka ga kuɗin da ake ware wa asusu irin na inshorar lafiya, ta yadda ba duk abin da aka tara da sunan harajin lafiya ke isa hukumar ba, sai a kasafin 2025 aka cire wa asusun wannan takunkumin. Mu mutanen Ashanti mun ɗanɗana gwaji ma, domin a nan aka fara tsarin biyan asibiti kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mai kati a 2012, aka sha ƙorafi har aka dakatar da shi a 2017. Cire takunkumin abu ne mai kyau kuma ya kamata a yaba. Amma ma'aunin da za a auna shi da shi yana tagar magani: Hajiya ta fito da ambulan uku ko da biyu da 'yar takarda.

Fahimtar dalilin asibiti ba ya halatta cikon. Hukumar ta sha nanata cewa karɓar ƙarin kuɗi a kan abin da ke cikin inshora saɓa ƙa'ida ne. Na san kuma cewa wanda mahaifiyarsa ke kwance ba zai tsaya gardamar doka ba, zai biya, kuma ba zan ga laifinsa ba. Abin da nake roƙo shi ne a biya da ido buɗe. A tambaya kuɗin na mene ne, na wane magani. A karɓi rasit mai sunan asibiti da kwanan wata da sunan maganin. Idan aka ce babu rasit, wannan kansa amsa ce. Rasit ɗin ne za a kai ofishin NHIS na gunduma, ko a kira layin hukumar ta 6447 a ba da bayani. Ƙorafin baki a majalisar shayi ba ya shiga kowane fayil, amma rasit ashirin daga wuri ɗaya a kan magani ɗaya abu ne da jami'i ba zai iya kau da kai daga gare shi ba.

Masu inshorar kamfani, waɗanda wurin aiki ya yi musu, nasu ƙullin daban ne amma ɗan'uwan wannan ne: famasi sai wanda ke cikin jerin kamfanin, magani mai tsada sai an kira an nemi izini, kuma akwai iyakar kuɗin shekara da mai ciwon suga kan cinye tun kafin shekara ta raba. Su nemi a faɗa musu iyakar a rubuce, su kuma bar katin NHIS ɗinsu a raye.

Abin da nake ganin ya wajaba a kan hukuma ba shi da wuyar faɗa. Farashin jeri ya riƙa bin kasuwa a kan lokaci sananne, yadda asibiti zai san ranar da za a sake dubawa, kuma kuɗin asibitoci da famasi ya riƙa fita a kan kari, domin famasi mai zaman kansa ba shi da ƙarfin jiran da asibitin gwamnati ke yi, shi ya sa yake fara janyewa. Amma akwai wanda ba ya cin ko kobo: a hana 'yar takardar nan. Duk maganin da ke cikin jeri wanda asibiti ba shi da shi, a wajabta ba da cikakkiyar takarda mai hatimi a tagar da kanta, kada a ce mara lafiya ya koma ya nemo likita. A kuma manna sunayen famasin da ke karɓar kati a jikin bango kusa da tagar, a riƙa sabunta su. Ƙasar da ta iya sa mutum ya sabunta inshora da ƙaramar waya daga cikin kasuwar Kejetia tana iya sa ya san ko maganinsa yana cikin jeri ta wannan hanyar.

Namu kason ma yana nan. A unguwanninmu yawanci dattijai ne ke zuwa asibiti su kaɗai, ko a haɗa su da ƙaramin yaro, a wurin da ake magana da Turanci da Twi cikin sauri. Tarbiyyarmu ta hana mu ja-in-ja da ma'aikaci, kuma tarbiyya ce mai kyau, sai dai tambaya cikin ladabi ba ja-in-ja ba ce. Zongo ta haifi nas-nas da famasis da ma'aikatan NHIS masu yawa. Kowane masallacin Juma'a daga Asawase zuwa Asokore Mampong yana iya ware mutum ɗaya ko biyu da za su zauna bayan salla da waya a hannu, su duba wa tsofaffi ranar mutuwar kati, su karanta musu takarda, su ƙirga musu ƙwayoyi. Ƙungiyoyin mata masu adashi suna iya yin haka a ranar zubi. Kowane mai ciwon da ke shan magani kullum kuma a yi masa ɗan littafi a ajiye tare da katinsa a leda ɗaya, a rubuta sunan kowane magani na asali, ƙarfinsa, sau nawa a rana, ranar da aka karɓa, adadin da aka bayar, da ranar da zai ƙare. Duk wanda zai raka shi asibiti, ko ɗa ne ko jika ko maƙwabci, ya ɗauki ledar gaba ɗaya, har da ambulan ɗin da suka ƙare, ya ajiye ta a gaban likita.